Indomin da Aka Sara da Adda

Komai zan iya mantawa a gidan abincin nan, har da ranar da na fara aiki, amma ban da Juma'ar da na ɗora indomi a keke na kai ta wajen mai kifi ya sara min ita da adda. Ku sababbin zuwa kun sha jin ana tsokanata da zancen, kowa da irin ƙarin da yake masa. To ku matso ku ji daga bakina, tunda ni na sha kunyar.

Da farko ku gane yadda aiki yake a nan, don wasunku har yanzu ba su san inda aka ajiye su ba. Hawa-hawa ne. Can ƙasa akwai mai wanke-wanke, shi da baho da soso a bayan kicin. Sama da shi mai yanka, kullum albasa da attarugu, kullum ido na zubar da ruwa. Sai mai kai wa kwastoma abinci. Sai mai kasko, wanda yake tsayawa a gaba inda kowa ke ganinsa, yana soya indomi da ƙwai. Sama da mai kasko akwai Baba Tanko mai manyan tukwane, shinkafa da miya da tuwo, mutumin da ya fara girki tun ba a haife ni ba. Sama da Baba Tanko sai Madam Rifkatu mai wurin. Sama da Madam kuma sai Allah.

Duk cikin waɗannan, mai kasko ne ɗan gayun gida. Nan Gubi rabin cinikinmu 'yan jami'a ne, kuma 'yan jami'a ba su san sunan mai wanke-wanke ba, amma mai kasko har lambar wayarsa ake nema. Ni tun ina tsugune bakin baho nake mafarkin wajen nan. Makaranta dai na yi ta har inda ta nuna ta gaji da ni, muka rabu ba faɗa, amma kasko na san zan iya.

Da mai kaskonmu na da ya bar aiki, lokacin ina mai kai abinci, mu biyu ne a layi: ni da Jummai mai yanka. Jummai kun san ta, ba ta da yawan magana, amma in ta yi maka guda ɗaya sai ka je gida kana juya ta. Madam ta kira ni ta ce za ta gwada ni mako guda. In na yi kyau, kasko nawa ne. In na yi ɓarna, ba ma kai abinci zan koma ba, baho zan koma, Jummai ta hau kasko.

Ta kuma maimaita min dokokin gidan guda biyu, waɗanda ku ma aka karanta muku ranar da kuka zo. Ta farko, ba a soya indomi sai mai ci ya zauna. Ba wanda ya ce yana zuwa ba, ba wanda ya aiko a ce yana zuwa ba, sai ka ga mutum a kan benci da idonka. Ta biyu, abinci ba ya shiga bola a gidan nan. Na ce, "Madam, ai waɗannan ko cikin barci aka tashe ni zan karanto su." Ta ce to. Ranar Laraba ta tafi ƙauyensu biki, ta ce sai Asabar.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga wani ɗalibi ya shigo cikin baƙar kwat, rana na dukan ƙasa, gumi na bin wuyansa. Kwamared ake ce masa. Takarar shugabancin wata ƙungiyar ɗalibai yake, kuma ranar ake zaɓen. Ya tsaya a gabana ya ce, "Kai ne shef ɗin wurin nan?"

Shef. Tunda Inna ta haife ni ba a taɓa kirana da sunan da ya yi min daɗi haka ba. Na gyara tsayuwa na ce ni ne.

Ya ce, "Bayan La'asar zan zo da jama'ata walimar cin zaɓe. Indomi nake so, soyayya, da kayan lambu. Su tarar da ita a shirye, ba na son jira."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an faɗi sakamakon ne?"

Ya ce, "Wane sakamako? Ni ne sakamakon."

Na ce mutum nawa za a shirya wa. Ya waiwaya ya kalli bencinanmu ya ce, "Ka ga waɗannan? Ba za su isa ba." Ya buga kafaɗata ya fita.

To ku da kuke zaune yanzu cikin sanyi kuna cewa ai da ku ne ba za ku yarda ba, ku jira ranar da mai kwat zai ce muku shef. Ni abin da na hango shi ne Madam ta dawo a ce mata, a makonsa na farko Sabi'u ya ciyar da rabin jami'a. Bayan Azahar na shiga sito na fara fito da katan. Na farke ɗaya, na farke wani, na kalli bencinan na ce ba za su isa ba, na ƙara farke wani.

Baba Tanko ya leƙo daga wajen tukwanensa ya ce, "Sabi'u, wa ya zauna?"

Na ce, "Baba, suna hanya."

Ya ce, "Ba hanya na tambaye ka ba. Wa ya zauna?"

Na ce, "Baba, wannan oda ce ta musamman, harkar manya ce. Ku a zamaninku ba a yin irin ta."

Ya kalle ni, ya kalli katan ɗin, ya ce, "Kaskonka ne, makonka ne." Ya koma ya ci gaba da juya miyarsa.

Jummai kuwa wuƙarta ta ɗauka. Ta yanka min karas da koren wake da albasa cike da tire, ta kawo har gabana da murmushi, ta ce, "Shef, in bai isa ba ka yi magana." Da ina da hankali, murmushin nan kaɗai ya isa ya tsayar da ni.

Na dafa, na tsane, na soya. Kasko ɗaya bayan ɗaya ina juyewa a babban bahon ƙarfen da ake jiƙa shinkafa, har ya cika ya yi tozo. Kuma ku ba ni haƙƙina, indomin nan ta yi kyau. Ƙamshinta har bakin titi.

Bayan La'asar sai ga Kwamared, kwat a hannu, mutum biyu a bayansa suna tafiya kamar sun dawo daga jana'iza. Ya ce, "Shef, an yi mana fashi da rana tsaka."

Na ce, "Subhanallahi. Jama'ar fa?"

Ɗaya daga cikin na bayansa ya ce, "Suna can wajen wanda ya ci."

Na ce, "To Kwamared, abincin fa?"

Ya kalle ni kamar na zagi iyayensa. Ya ce, "Mutum yana cikin wannan hali kana masa maganar abinci? Kai ba ka da tausayi?" Suka juya. Ko cokali ɗaya ba su ɗanɗana ba.

Na tsaya ni da baho muna kallon juna. Na ce bari in dinga ɗumama wa kwastomomin yamma. Baba Tanko ya ce ba a gidan nan ba, mutum yana zuwa ne ya ga an soya masa tasa a gabansa. Muka zauna mu ma'aikata muka ci har muka kasa numfashi, bahon nan ko gezau, kamar ba a taɓa shi ba. Na je wajen Baba na rage murya na ce ko za a rufa min asiri. Ya ce, "Ni ba na ɓoye wa Madam komai. Doka ta farko ka riga ka karya ta. Saura ta biyu. In ta dawo ta tarar abincin nan ya lalace, ka fara neman soso."

A nan ne ilimina ya motsa. Na tuna wani bidiyo da na taɓa gani a waya, wata mata a ƙasar waje tana saka soyayyiyar taliya a firiza, wai tana yin makonni. Ban kalli bidiyon har ƙarshe ba, data ta ƙare min a tsakiya, amma na ce ai na gane inda aka dosa. Firizar Madam kuma kun san ta, ga wutar gari ga sola, ko dutse ka saka sai ya ƙara tauri.

Baba ya ce in dai zan saka, kar in kuskura in shigar da zafi cikin firizar Madam. Wannan ɗaya na ji maganarsa: na baje ta a tire-tire ƙarƙashin fanka ta huce da wuri. Daga nan kuma na koma kan nawa tunanin. Na mayar da ita duka cikin bahon, na sa bayan faranti na danne, na ƙara dannewa don murfin firiza ya rufu. Sai na tsaya na ce, kai, akwai abin da na manta.

A gidanmu a Ƙofar Ran, in tuwo zai kwana, Inna tana zuba masa ruwa sai ya sha kansa, da safe a tsiyaye a yi ɗumame. Tunda na tashi ban taɓa ganin an kwantar da abinci ba ruwa a kansa ba. Na ce matar bidiyon nan tabbas a ƙarshen ta zuba ruwa, wajen ne ban gani ba. Na ɗebo ruwa a jug na bi saman bahon da shi, har ina jin daɗin na haɗa ilimin Turawa da na Inna. Na kwashe zoɓo da ruwan leda daga firiza don a samu wuri, na tura bahon, na rufe, na hau mota na koma gari hankali kwance.

Juma'a da safe na buɗe firiza. Jama'a, ba indomi na tarar ba. Bahon ma sai da muka kama shi ni da Baba kafin ya fito. Muka kife shi a kan tebur, aka zuba ruwan ɗumi a bayansa, sai ji muka yi ƙum, abu ya faɗo. Kun san tayar keke? To haka, sai dai ba rami a tsakiya. Ga karas da koren wake sun maƙale a ciki suna kallonmu.

Jummai ta zagaya shi sau ɗaya ta ce, "Shef, kek ɗin bikinka ne? Wace ce amaryar?"

Na ɗauko babbar wuƙa na danna, wuƙa ta zame ta kusa tafiya da yatsana. Na ɗauko taɓarya na buga, abin ya yi tsalle ya dawo lafiya lau, tebur ne ya yi ƙara. Na ce to bari in ajiye shi a rana ya narke in raba. Baba Tanko ya ce, "Ajiye mana. Amma ka sani, abin da ya narke ba ya komawa firiza. In ka narkar da shi duka, yau za a cinye shi duka. Kana da cikin?"

Ba ni da cikin. Mayar da shi yadda yake kuma ba zai yiwu ba, don tun da safe kwastoma sun fara tambayar me ya sa zoɓon yau yake kamar shayi. Dole a raba shi ƙanana tun yana daskare. Ina tsaye ina zufa a gaban ƙanƙara, sai na tuna Malam Ado mai kifin ƙanƙara, can bakin hanyar shiga gari, wanda yake sara katan ɗin kifi da adda a kan gungume.

Na naɗe abin a sabuwar leda, na saka a buhu, na tare keke napep. Mai keke ya taya ni ɗagawa ya ce, "Kai, injin niƙa ne?" Na ce kusan haka. Na zauna na rungume shi a cinya. A hanya aka ɗauki wata dattijuwa, ta zauna kusa da ni, sanyi ya fara taɓa mata ƙafa. Ta matsa, ta sake matsawa, ta ce, "Ɗan nan, mene ne a buhun?"

Na ce, "Indomi ce, Hajiya."

Ta ce, "Ka ji tsoron Allah, yau Juma'a."

Na buɗe mata bakin buhun ta leƙa. Da ta zo sauka, sai ta ce wa mai keke ya kula da ni.

Malam Ado na gaishe shi, na sauke buhu, na kwance. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Sabi'u, na yi shekaru ina sara kifi, na sara kaza, na sara ƙafar saniya. Wannan wace dabba ce?"

Na ce, "Malam, ka taimake ni, aikina ne a cikin buhun nan."

Ya ce, "A dam ɗin Gubi aka kamo ta?"

Kafin ka ce me, masu sayen kifi sun kewaye mu, har da masu waya a hannu. Ni dai na roƙi alfarma ɗaya, a wanke addar da sabulu da ruwan zafi, a shimfiɗa leda a kan gungumen. Mai shayin gefensa ya ba da ruwan zafi kyauta, da sharaɗin a bar shi ya tsaya a gaba ya kalla. Malam Ado ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya ɗaga adda. Sara na farko, wani guntu ya yi tsalle ya faɗa cikin kwandon wata mata. Ta ɗaga shi ta ce, "Wannan nawa ne kilo?"

Haka ya dinga sara ina tarewa, kowane guntu kamar sabulun wanki, ina jefawa a ƙananan leda ina ƙullewa. A nan na lura abin kashi-kashi ne: saman da ya sha ruwa ƙanƙara ce zalla da taliya a ciki, na ƙasa kuwa ruwan bai kai can sosai ba saboda dannewar da na yi. Na ware su, na sama buhu ɗaya, na ƙasa buhu ɗaya. Da muka gama Malam Ado ya goge addarsa ya ce, "In kun yi na shinkafa ma ka kawo." Na koma da gudu, na jera su a firiza tun ba su saki ba, zoɓo ya koma wurinsa, na samu sallar Juma'a da kyar.

Asabar Madam ta dawo. Ko jakarta ba ta ajiye ba Baba Tanko ya karanta mata komai, tun daga kwat har adda. Ta buɗe firiza ta ga ƙulli-ƙulli a jere. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ce, "Sabi'u."

Na ce, "Na'am, Mama." In na ce mata Mama, kun san ruwa ya kai min wuya.

"Wa ya zauna?"

"Babu kowa, Mama."

"Ruwan kuma na mene ne?"

Na ce, "Kamar na tuwo." Ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Har yau ban sani ba ko dariya take ko addu'a.

Da ta juyo ta yanke hukunci. Ko sili ɗaya ba zai je gaban kwastoma ba. Wannan shi ne abincin ranar ma'aikata har sai ya ƙare, kuma ni zan dinga girka shi. Duk ranar da wani ya rage a farantinsa ya tafi bola, ranar zan koma baho. Kafin nan Jummai ta riƙe kasko. Ta ce, "In ka ƙarar da shi lafiya, sai mu zauna mu yi magana." Ni kuma kunnena abin da ya ji shi ne: in ka ƙarar, kasko naka ne.

Nan na gane rayuwata tana hannun Jummai. Cokali ɗaya ta rage, shi ke nan, ta gaji kasko har abada. Na same ta tana goge kaskona, na ce, "Jummai, ke 'yar'uwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya." Ta ce, "Tun yaushe?" Na ce tun Alhamis.

Ranar farko na ɗauko na sama, masu ruwan, na bar su suka narke na ɗumama. Abin da ya fito, kunu ne mai gashi. Baba Tanko ya ɗaga cokali ya karkata, abin ya zubo a hankali, ya ce, "Sha ake yi ko ci?" Ga kuma ɗan ƙarnin kifin Malam Ado ya biyo, duk da sabulun. Kowa ya runtse ido ya haɗiye don tausayi. Ni idona na kan farantin Jummai. Ta cinye tas, ta sa yatsa ta suɗe. Na ce a raina, Allah sarki, ashe yarinyar nan sona take, ni ne ban lura ba.

Daga ranar na daina wasa, don tausayi ba ya kwana biyu. Masu ruwan, na gane ba za su taɓa komawa taliya ba, sai na daina tilasta musu: in narkar da iya na ranar, in matse ruwan, in fasa ƙwai a kai da albasa da attarugu, in soya su faɗi-faɗi kamar waina, gefen ya yi ƙus-ƙus. Na ƙasa kuwa ashe ba sa son a narkar da su ko kaɗan. Daga firiza sai kasko mai zafi, ɗan mai, ɗan yayyafin ruwa, a rufe su saki da kansu, sannan a watsa kabeji a juya har tururi ya fito ta ko'ina. Ƙarnin kifin kuma na ce tunda ya zo, bari in ba shi wurin zama: na dinga marmasa soyayyen kifi a ciki, kowa ya ɗauka da gangan ne. Ranar da aka yi ruwan sama na roƙi Baba romon farfesu, na jefa ƙulli-ƙullin a ciki yana tafasa, muka sha da cokali ana gumi. Baba bai ce ya yi daɗi ba, amma ya miƙo kwano a ƙara.

Jummai kuwa kullum sai ta yaba, kuma ba a hankali take yabon ba. Sai Madam tana kusa. "Mama, kin ɗanɗana na yau? Wallahi Sabi'u hannunsa daban ne a kan kwantai." Gobe kuma, "Mama, shinkafar jiyan nan da ta rage, da Sabi'u aka ba wa, da kin ga aiki." Aka ba ni shinkafar, na baje ta ta huce, na ƙulla ƙanana, na daskarar, na soya ta da ƙwai bayan kwana biyu. "Mama, miyar nan fa? Sabi'u zai san dabara." Ni kuma ina ta fasa kai, ina tafiya ina buɗa hannu, har na fara tunanin yadda zan gaya wa Inna maganar Jummai.

Ranar da ƙulli na ƙarshe ya ƙare, ba wanda ya taɓa rage ko sili, na wanke hannu na sa riga mai kyau na je gaban Madam. Na ce, "Madam, an gama lafiya."

Ta ce, "Na gani, kuma ka ba ni mamaki." Ta buɗe jaka ta ciro ɗan makullin firiza ta ajiye a tafin hannuna. "Daga yau duk abin da ya rage a gidan nan, kai ne mai shi. Kai za ka adana, kai za ka ciyar da ma'aikata. Ba baho za ka koma ba."

Na ce, "Na gode, Madam. Kaskon fa?"

Ta ce, "Wane kasko? Jummai tana kai, kwastoma ba su yi ƙorafi ba. Mai soya ina da ita. Mai gyara abin da ya rage ne ban taɓa samu ba sai yanzu. In na mayar da kai kasko, wa zai yi min wannan?"

Na waiwaya. Jummai tana gaba tana kaɗa ƙwai, 'yan jami'a sun yi layi suna kiran sunanta. Ta ɗago ta ce, "Shef, akwai sauran kabeji a nan in kana so." A lokacin ne na fahimci duk farantin da yarinyar nan ta suɗe, ba ni take so ba, ƙusa take buga min a jikin firiza. Da ta rage abinci na koma baho, wata rana zan sake hawowa in nemi kasko. Amma wanda aka yaba masa a kan kwantai, ina zai je?

To ga ni nan har yau, da makulli a wuya. Ba na ce aikin ba shi da daɗi ba. Ina ci in ƙoshi, ba na tsayuwa a gaban wuta, kuma tunda na karɓa abinci bai ƙara lalacewa a gidan nan ba. Sai dai ba ɗalibar da ta taɓa zuwa bayan kicin ta ce ina mai firiza.

Abin da na koya a kan abinci kaɗan ne, kuma kyauta zan ba ku: a huce da wuri, a ƙulla ƙanana, kar a zuba ruwa, abin da ya narke kar ya koma. Abin da na koya a kan mutanen sana'ar nan shi ne ya fi tsada. Mai gidan abinci ba ta zubar da komai, har da ma'aikacin da ya yi ɓarna, wurin da zai yi amfani take nema masa. Kuma a kicin ba abin da kake so ake ba ka ba, abin da aka ga ka iya shi ne naka har ka tsufa. Saboda haka ku yi aiki tsakani da Allah, amma ku san abin da za ku ƙware a kai a gaban Madam. Kwatar bayan nan ta fara toshewa, yau ko gobe za ta fito ta tambaya wa ya iya gyaran kwata. Ku kalli ƙasa. Ni dai na gaya muku.